Mutum Biyar da Ishawu Ya Je Nema

Ishawu ba ya gaisuwa, kuma bai taɓa neman a yi masa uzuri ba. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga haɓa ya wuce. Shekara goma sha tara a unguwar Highbridge, ba suna ba zaman makoki, babu wanda ya taɓa ganin takalminsa a ƙofar wani. Mutumin zangon Kumasi ne. Matarsa ta rasu can tun kafin ya samu takardun zama a nan, bai sake aure ba. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, sai tasi.

A filin jirgin sama na JFK yake jiran fasinja. Sauran direbobi kan fito su yi hira har layi ya motsa, shi kuwa yana cikin mota, gilashi a rufe. A 2016 ya ga jini a fitsarinsa. Wata huɗu ya yi bai faɗa wa kowa ba, don babu wanda zai faɗa wa. Da ya je asibiti aka ce ciwon daji ne a ƙodar hagu, har ya taɓa huhu.

Wata likita 'yar ƙasar Sin ta same shi da wata magana. Ta ce wannan ciwo ba ya nuna kansa da wuri. Su masu bincike suna tace jini, su ware ruwan da ke tasowa sama, su duba ƙananan abubuwan da jiki ke zubarwa a ciki, ko za a gane ciwon tun yana ƙarami. An duba na mutanen ƙasarta, tana so ta ga ko alamar ɗaya ce a jinin mutanen Afirka.

"Zai warkar da ni?" in ji Ishawu.

"A'a."

"Gara da kika faɗa. Ɗiba."

Sharaɗin shi ne ya zo da safe bai ci komai ba. Mai ɗibar jinin Hawawu ce, 'yar Tamale. Tana kallon bakinsa ta ajiye allurar.

"Baba Ishawu, me ka ci?"

"Ba komai."

"Jan da ke haƙoranka fa?"

"Goro ne. Goro abinci ne?"

"In azumi kake, za ka ci?"

Ya goge baki da bayan hannu.

"To, duk zai fito a jinin, ya ɓata musu aiki. Koma gida, sai jibi."

Ya koma yana gunaguni, ya dawo jibin da baki fari. A shekarar nan kaf, babu wanda ya yi doguwar magana da shi da Hausa kamar yarinyar nan. Wata bayan wata yana zuwa, ya zauna a benci shi kaɗai. Kowa da mai riƙe masa jaka, shi da hularsa a gwiwa.

Rannan Hawawu ta ce jininsa shi kaɗai ba zai yi amfani ba, sai an gwada shi da na masu lafiya, sa'anninsa, mutanen gida. Ko biyar ne.

"Ina zan samo mutum biyar?"

"Wannan kuma kai ka sani, Baba."

A lokacin ya daina tuƙi. Ya hau jirgin ƙasa, ya hau bas, ya isa filin da direbobi ke jira, ya tsaya a kansu ya yi sallama. Gariba, wanda suka shekara goma a layi ɗaya, ya waiga bayansa.

"Da mu kake? Wa ya mutu?"

"Tukuna," in ji Ishawu.

Ya faɗa musu abin da ya kawo shi, bai yi kwana-kwana ba. Abdou, ɗan Maraɗi, ya ce shi jininsa ba zai shiga ofishin kowa ba, yau jini, gobe a tambayi takardu. Ishawu ya ce lamba ake rubutawa a kwalbar, ba suna ba. Babu wanda ya yi alkawari. Layi ya motsa, suka watse zuwa motocinsu. Gariba kaɗai ya karɓi takardar asibitin da Ishawu ya zo da ita, ya ninke ya sa a aljihu.

Wannan ce ranar ƙarshe da suka gan shi a tsaye. Kafin Gariba ya tada mota, Ishawu ya dafa murfin ƙofa ya ce: "Hawa na huɗu ne a asibitin, ku nemi Hawawu. In za ku je, ku je bibbiyu. Jiran yana da tsawo ga mutum ɗaya."