San da Ya Jira Bature

Cikin ranakun aikina akwai wadda har gobe ba ta fita raina ba, ranar da muka shirya nuna wa Bature yadda muke tausayin dabba a mayankar Tudun Wada. A daminar 1956 ne, ina ƙaramin malamin dabbobi. Aikina ranar kasuwa shi ne in duba dabba tana tsaye, in ce a yanka ko kada a yanka, bayan an feɗe kuma in duba hanta da huhu. In ban ba da izini ba, wuƙa ba ta sauka.

Mahautan garin suna da tsarinsu tun kafin a haife ni. A shayar da sa, a wasa wuƙa a bayan zana inda ba ya gani, a kayar da shi yana fuskantar alƙibla, malamin yanka ya yi bisimilla ya yanka nan take. Tsakanin kayarwa da yanka ko gaisuwa ba a tsayawa yi, domin sa in ya daɗe kwance a gefe ɗaya ba ya iya gyatsa. Sai cikinsa ya kumbura ya danne masa numfashi, ya mutu mushe.

A shekarar aka zuba wa mayankar siminti, aka ce Baturen dabbobi zai zo rangadi ya gani. Shugabana, Malam Sule, ya riga shi isowa daga birni. Mutum ne mai son a ce komai nasa tsaf yake, ko hularsa ba ta karkacewa. Shi ya zaɓi san da za a yanka a gaban baƙo, wani farin bajimi na Sarkin Fawa Ɗan'azumi. Aka wanke shi da sabulu, abin da ni kaina ban samu ba a makon.

Da hantsi Malam Sule ya ce a kayar da san a ɗaure, don kada Bature ya iso ya tarar ana kokawa da dabba, ya ce ba mu da tausayi.

Sarkin Fawa ya ce, “Ranka ya daɗe, a bar shi tsaye a inuwa mana. In an jiwo mota, kafin ta tsaya mun kayar.”

“Sarki, kai dai ka yi abin da aka ce. Yanzu zai iso.”

Aka kayar, aka ɗaure ƙafafu huɗu. Malam Sule ya ce kada a yanka sai ya dawo da baƙo, ya tafi bakin hanya tarye. Ashe ruwan da aka kwana ana yi ya cika wani rafi a hanyar Ƙofa, mota tana can tana jiran ya janye.

Rana ta take. Simintin da muke alfahari da shi ya ɗauki zafi har ba ya takuwa ba takalmi. Muka riƙa kwara wa san ruwa, wani ya riƙe masa tabarma a kai, wani yana kore ƙuda. Ban taɓa ganin dabbar da aka yi wa hidima irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin wadda ta sha wuya kamarta ba. Bayan azahar cikinsa ya tashi kamar ganga, harshe waje, idanu sun juye. Na sa aka sassauta igiya ko zai miƙe, ya kasa.

Sarkin Fawa ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. “Malam Garba, san nan ba zai kai la'asar ba. In ya mutu haka, rami za mu tona. Kuma Allah zai tambaye mu, ba zai tambayi Bature ba.”

Gaskiya na ji tsoro. Ban daɗe da kama aiki ba, ga sabuwar iyali, Malam Sule kuma ba ya mantuwa. Amma nishin san ya fi ƙarfina. Na ce wa malamin yanka, “Bisimilla, Malam.” Wuƙa ɗaya ya ja, dabba ta huta.

Ana gab da magariba mota ta iso. An feɗe, an wanke wuri, nama har ya ƙare a kasuwa. Da Malam Sule ya ga babu sa, ya yi mini wani kallo, ya shiga raɗa wa mahauta su nemo ko da akuya ce. Tafintan da ya zo tare da Bature ya ji, ya gaya masa. Bature ya girgiza kai ya ce a'a, shi ba ya son kallon yanka, siminti ya zo dubawa. Ya sa aka kwara bokitin ruwa, ya ga ya bi magudana ya wuce, ya ce madalla, ya shiga mota.

Malam Sule ya sami yabo a kan tsabtar mayanka. Ni kuwa, saboda rashin bin umarni, aka tura ni can wajen Doguwa, aka ce in je in koya wa mahauta tausayin dabba.

Abin da na ɗauka daga ranar, nake kuma gaya muku ku masu tasowa, shi ne tausayin da aka shirya don idon baƙo dabba ce take biyansa. In kuka ji an ce babba zai zo, kowa ya ruga shara da gyaran hula, ku ku fara zuwa ku ga wa aka ɗaure yana jira.