Fedar Masu Kai Burodi

A garinmu, kafin ka ga Ottavio Bertamini za ka ji shi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan daɓen dandali, ƙarar ɗan ƙarfen nan ke nan na ƙasan takalmin masu hawa dutse da keke, wanda ke shiga cikin feda ya kama ƙafa gam. Da takalmin yake zuwa shan kofi, da shi yake shiga coci, har limamin cocin ya gaji da magana ya ƙyale shi. Magini ne da ya ajiye aiki, shekararsa saba'in da ɗaya, matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a Milano. Ba shi da mugun hali, amma bakinsa ya fi gudumarsa nauyi.

A da su biyar ne suke hawa kowace Lahadi. Ɗaya ya rasu, biyu sun bi 'ya'yansu birni. Na huɗun, Nereo, wanda suka yi makaranta aji ɗaya, Ottavio ne ya kore shi da bakinsa. Shekara takwas da suka wuce aka yi wa Nereo aiki a gwiwa, ya dawo da feda mai faɗi, irin wadda ake ɗora ƙafa kawai a sauke. Ottavio ya shiga gidan burodi ya sayo kwando, ya rataya masa a kan keke a gaban kowa.

"Tunda ka sayi fedar masu kai burodi, ga kayan aiki. Biyu za ka kawo mini, masu zafi."

Aka yi dariya, shi ma Nereo ya yi, ya shanye kofinsa. Lahadi ta zagayo bai zo ba. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ɗaga haɓa daga nesa, kuma Ottavio bai taɓa ganin laifinsa ba, wai wasa ne.

Wata Lahadi a watan Oktoba ya hau shi kaɗai kamar yadda ya saba, ta tsohuwar hanyar alfadarai da ba mai bi sai shi. Ya zo wurin maɓuɓɓugar da yake shan ruwa, ya ja birki. Fitar da ƙafa daga irin wannan feda ba wani aiki ba ne, dunduniya ake murɗawa waje. Ya yi haka sau dubu nawa a rayuwarsa, Allah kaɗai ya sani. Ran nan idon sawunsa na hagu, wanda sanyin ƙashi ya daɗe yana ci, ya ƙi murɗuwa. Ya kife ta hagun a hankali, kansa ya yi gangare, keken ya danne shi, ƙafar tana maƙale a ƙasa inda hannu ba ya kaiwa.

Yana kwance ya ji agogon coci ya buga goma. Ya ji sha ɗaya. Wayarsa tana aljihun bayan rigarsa, ya lalubo ta. Akwai lambar 'yan agaji, amma ya san gobe labarin zai cika dandali. Akwai lambar 'yarsa, wadda za ta zo ta kwashe shi da kekensa ta kai Milano. Akwai ta Nereo, bai goge ba. Ya daɗe yana kallonta, ya mayar da wayar. Ba ciwon ne ya fi damunsa ba. Lissafi ya yi, ya ga idan bai sauko ba, sai ranar Alhamis da 'yarsa ke kira wani zai lura. Tsoro ya kama shi sosai, ya yi kuka, abin da bai yi ba tun jana'izar matarsa.

Wajen sha biyu ya samu ya zare ƙafar daga cikin takalmin. Haka ya gangaro yana tura keke, ƙafa ɗaya da safa, takalmin yana lilo a jikin feda.

Ranar Talata ya je shagon Ilda, 'yar marigayi abokin hawansu, wadda ta gaji sana'ar kekuna daga ubanta. Ya ce mata fedarsa ta lalace. Ta juya fedar, ta dubi ɓawon ciwo a kuncinsa. Ta jera masa iri uku a kan kanta.

"Kawu, wannan irin taka ce, sai in sassauta mata noti, in sa maka ƙarfen da ke saki ko ta ina ka fizga. Wannan gefe ɗaya tana kamawa, gefe ɗaya ba ta kamawa. Wannan kuma..."

"Na san ta."

"Da takalmi mai roba mai laushi ake hawanta, tana riƙe ƙafa fiye da yadda kake zato."

"Ba ni ta farkon."

"Zan ba ka. Amma tsaya a nan ka murɗa mini dunduniyar hagu in gani."

Ya dafa kanta ya gwada. Ƙafar ta ɗan motsa ta tsaya, zufa ta keto masa a goshi.

"Kawu, ni feda nake sayarwa," in ji Ilda a hankali. "Amma ko wacce ka ɗauka, wa ya san inda kake bi ranar Lahadi?"

"Ke dai ubanki bai koya miki shiru ba."

"Kai ne ka raine ni a bakin shagon nan, a wurinka na koya."

Ya ɗauki mai faɗin, da takalminta. Ya ce ta ɗaura masa a can ciki, kada masu wucewa su gani, kamar akwai wanda ya damu da ƙafar tsoho in ba shi ba.

Bai nufi gida ba. Gidan Nereo yana ƙarshen gari, bayan gonar zaitun. Ya same shi a rumfa, ya ba ƙofa baya, yana ɗinke ragar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin itatuwa lokacin girbi. Ottavio ya jingine keke, ya tako har bayansa ya tsaya. Sabon takalmin ba ya ƙara ko kaɗan. Ya kai minti biyu a tsaye, ya rasa ta inda zai fara, sai ya yi tari.

Nereo ya juyo. Ya dubi fuskarsa, ya dubi ƙafarsa, ya leƙa keken.

"Ban ji zuwanka ba."

"Na faɗi ranar Lahadi. A maɓuɓɓuga. Awa biyu ina kwance."

"Me ya hana ka kira?"

Ottavio ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na zo ne in ce ko za ka fito da naka Lahadi mai zuwa. A hankali za mu bi."

"Na sayar da shi shekara shida ke nan. Da wa zan hau? Yanzu kuma ɗaya gwiwar ma ta tafi, ko matakalar gidan nan da sanda nake hawa."

Sai Nereo ya dogara sandarsa ya shiga ɗakin ajiya, aka ji yana ture kwalaye. Ya fito da kwando, ya yi ƙura, kunnensa ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Ottavio ya gane shi nan take. Nereo ya je ya rataya shi a kan keken, ya gyara masa zama.

"Biyu, masu zafi, kowace Lahadi idan ka sauko," in ji shi. "In agogo ya buga sha biyu ban ga burodi ba, zan tura mutane maɓuɓɓuga, tsohon banza."

Ottavio ya gyaɗa kai. Ya tura kekensa ya bi ta tsakiyar dandali da kwandon a gaba, ana zaune ana shan kofi, ba wanda ya ɗago kai, don ba wanda ya ji wucewarsa.