Ranar da Baba Ya Rage wa Motata Ƙarfi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sani makanike, wanda mutanen Rigasa suka fi sani da Sani Mai Saiti. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka, da wata rigima da muka yi a kanta, wadda ba mu ƙarasa ba.

Aikinsa saita inji. Idan aka kawo masa mota tana shan mai, tana hayaƙi, ko tana nishi a kan hawa, sai ya buɗe bonet, ya ɗora kofin silba cike da ruwa a kan injin, ya karkata kunne, ya riƙa juya sukundireba a jikin kafireta a hankali. Ba zai ɗago ba sai rawar ruwan ta lafa. Motar da ta fito daga hannunsa bugu ɗaya take tashi, ta rage shan mai, kuma da ka taɓa totur za ta amsa. Amma ba ya sallamar mota sai mai ita ya ɗauke shi sun yi zagaye ɗaya a gari. Mutane sun ɗauka motar yake gwadawa. Direban yake gwadawa.

Duk mai ƙaramar mota a Kaduna ya san dalili. Kana tafiya a hannunka, sai jif ta manne maka a baya, ana kunna maka fitila, ana danna hon kamar ka tare ƙofar gidan wani. A shataletale ba a ba ka hanya. Idan kuma mace ce a sitiyari, to har da leƙowa ta taga a faɗa mata wadda ta fi zafi. Lokacin da na fara aiki a wani ofis a Unguwar Rimi, kullum da ɓacin rai nake komawa gida Kinkinau. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ba ni da haƙuri. Shi ya sa na matsa wa Baba ya ƙara wa motata ƙarfi.

Ya yi mini. Muka fita zagayen nan nasa. Ba mu yi nisa ba wata baƙar jif ta matse ni har tayata ta sauka daga kwalta. Ban san lokacin da na taka totur ba. Motar ta amsa yadda ba ta taɓa yi ba, na bi mutumin nan, na sha gabansa, na taka masa birki. Na ji daɗi ƙwarai. Da na waiwayo, Baba ya dafe gaban mota da hannu biyu.

Muna isa gareji ya buɗe bonet, ya mayar da saitin baya a gabana. Na ce, “Baba, shi fa ya fara!” Ya ce, “Na gani, Uwata. Na ƙara mata ƙarfi ne don ki kauce musu, ba don ki bi su ba. Ranar da kika huce, ki kawo ta.” Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni, amma ranar bai ji nauyin uwar tasa ba.

Na yi fushi, kuma girman kai ya hana ni mayar da ita. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi. Ina zuwa duba shi, muna hira, amma ba wanda ya sake tayar da zancen. Sau ɗaya dai, wata safiya da ya ɗan ji sauƙi, ya karɓi makullin ya ce zai duba mini baƙin mai. Bayan mako uku ya rasu.

Tun daga nan na riƙa tuƙi a matsayin mai motar da ba ta da ƙarfi. Idan aka matse ni, in ba da hanya, tunda na san ko na bi ba zan kamo ba. Da farko ina yi ina cizon yatsa. Daga baya ya zame mini jiki, har nakan lura cewa wanda ya wuce ni a fusace, sau da yawa tare muke tsayawa a danja ta gaba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga hanyoyinmu yau. An faɗaɗa su, motoci sun ƙara girma, zukata sun ƙara ƙuntata. Masu saiti na yanzu kwamfuta suke jona wa mota, kuma aikinsu yana kyau, ba na musu. Sai dai ban ji wanda yake shiga mota ya ga halin mai ita kafin ya miƙa masa makulli ba.

A watan jiya na ga lokaci ya yi. Na kai motar wurin Baba Iliya, abokin aikin mahaifina da suka yi shekaru a gareji ɗaya, na ba shi labari, na ce ina ganin yanzu na huce. Ya buɗe bonet, ya saurari injin, ya taɓa nan, ya taɓa can. Sai ya ajiye sukundireban.

Ya ce, “’Yata, me zan ƙara a nan? Wannan saitin Sani ne, cikakke. Ya daɗe da mayar miki. Ke ce dai ba ki taɓa taka ta ba.”

Sai na tuna safiyar nan ta baƙin mai, da yadda mahaifina ya dawo ɗaki yana haki, yana goge hannu da tsumma. Na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar jana’iza.

Ba gini mahaifina ya bari ba, kuma garejin ma wani ne a ciki yanzu. Abin da ya rage nasa yana ƙarƙashin ƙafata ta dama. Jiya da safe wata jif ta manne mini a hanyar ofis, tana fitila, tana hon. Wannan karon na san zan iya kamo ta. Na kunna sigina, na ba ta hanya.