Gurbin da Don Nemesio Ya Goge

Ranar Lahadi a kasuwar garin Uruapan, bayan rumfunan masu fiya, akwai teburin masu wasan labari. Kowa da jaruminsa a takarda, ƙwaya mai lambobi da ake jefawa ke yanke abin da zai same shi. Cikinsu akwai wani dattijo da na ji suna kira Don Nemesio. Ga furfura, ga tabon harsashi a wuya, fensir ya ɓace a ƙaton hannunsa.

Jaruminsa ɗan banga ne, yanzun nan ya kashe ɓarawon da ya riga ya miƙa wuya.

Mai jan labarin, wata Yatziri, ta ce, "Baba, a gurbin halin jaruminka ka rubuta 'na kirki'. Sai dai ka goge."

"Haba, ɓarawo ne fa!" in ji na kusa da shi. "Garinsu yake karewa."

Dattijon bai musa ba. Gogewa yake ta yi har takardar ta huje. Ina jin ya taɓa tsaron shingen bakin gari, shekarun da muke tafa wa 'yan banga.

"Ƙyale ta, ɗana," ya ce. "Ina ma a lokacin mun samu mai faɗa mana haka."