Hoto Biyu na Kan Ɗan Farina

Ni mace ce mai ɗaurarriyar fuska, kuma da ina alfahari da hakan. Na daɗe ina koyarwa a wata lakwal ta yara a Arlit, suna kirana mai fuskar shanu a bayan idona, ina ji ina ƙyale su. A gida ma haka nake, musamman ga ɗan farina. Mu mutanen Tawa ba ma wasa da kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba. Idan ya zo na ɗaya a aji, sai in ce wa ƙanwarsa ta ƙara masa nama. Haka uwata ta yi wa yayana, ni ma haka na yi.

Abin da ya sa ban damu ba shi ne yaron ya iya karanta ni. Ya san ba a kafa wa babba ido, da mari na koya masa wannan, amma satar kallo ɗaya ta ishe shi. Tun daga ƙofar gida zai san ko yau da zaman lafiya, har ƙannensa kan tura shi gaba ya leƙo musu. Idan na ji daɗin wani abu da ya yi, akwai wani ɗan motsi a gefen bakina da ni kaina ban san da shi ba, sai da ƙanwarsa ta tona min. Shi ya gano shi. Don haka na kwantar da hankalina, na ce ai labarin zuciya a tambayi fuska, ba sai na buɗe baki ba.

Yana da shekara goma sha bakwai wata babbar mota ta kaɗe ɗan kabu-kabun da ya ɗauko shi daga kasuwa. Kan yaron ya bugi ƙasa. Kwana tara ya yi bai san inda yake ba. Da ya farka ya gane kowa, lissafinsa bai taɓu ba, muka yi ta godiya ga Allah. Sai daga baya abin ya fito. Maƙwabcinmu ya shigo da jajayen idanu zai sanar da mu rasuwar ƙanensa, yaron ya tare shi da barkwancin ƙwallo. Wata rana kuma ina yankan albasa, ya tsaya a kaina ya tambaye ni wa ya mutu. Abokansa suka fara gudunsa, don ba ya gane lokacin da wasa ya ƙare. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar haɗarin.

Babansa direban motar ma'aikata ne a kamfanin haƙar ƙarfe, ta nan aka samu hanyar kai shi wani babban asibiti a ƙasar Larabawa, arewa da mu. Ni na raka shi, don ina jin Faransanci. Akwai wata na'ura da ake tura mutum ciki a kwance, tana ƙara kamar injin niƙa. Likitan, wani siririn dattijo, ya ce za a riƙa nuna masa hotunan fuskoki a wani ɗan madubi, masu fushi da masu tsoro da masu murna, na'urar kuma za ta nuna ko wurin da ke gane su a ƙwaƙwalwa yana motsi. Ya ce bincike suke yi a kan matasa, kada in ɗora rai da yawa. Na ji shi, amma kunne ɗaya na ba shi.

Washegari ya nuna min hoton. Toka-toka ne, da wani ɗan ɗigo ruwan ɗorawa a kowane gefe. Ya ce nan ne, kuma ya motsa. Ban tsaya jin sauran bayanin ba. Da muka dawo Arlit na soya masar gero na raba sadaka, na sa hoton a leda ina nuna wa duk wanda ya zo gaisuwa. Har malaman lakwal na yi wa darasi, ni da ban san komai ba sai ɗigo. Na ce kan yaron lafiya lau, lokaci kawai ake jira.

Bayan wata uku muka koma. Na'urar ita ce, fuskokin su ne, likitan shi ne. A hoto na biyu babu ɗigo ko ɗaya.

Raina ya ɓaci, na ajiye hotunan biyu a kan teburinsa na ce ya nuna min na gaskiya. Na ce hamada muka keta sau biyu, ba mu zo wasan yara ba. Bai yi fushi ba, kuma wannan ya ƙara tunzura ni. Ya ce ko lafiyayyen saurayi aka saka yau aka sake saka shi bayan wata uku, sau da yawa hotunan ba sa yin daidai. Gajiya na canza shi, tsoron na'urar na canza shi, ɗan motsin kai ma haka. Idan an tara matasa da yawa ana iya koyon wani abu, amma a kan yaro ɗaya ba a rantsuwa da shi. Ya ce na farkon bai isa in yi murna ba, na biyun bai isa in yi kuka ba.

Sannan ya ce in tambayi yaron yadda ya kalli fuskokin. Na tambaye shi da Hausa.

"Na yara ina kallonsu, Inna," in ji shi. "Amma in na manya suka zo, wani lokacin nakan sunkuyar da ido. Ban san ko fushi suke yi ba."

Ya ce bai tuna ko a wace tafiyar ya fi yin haka ba. Na fassara wa likitan, ya ajiye bironsa. Ni na san hannun da ya koya wa yaron sunkuyar da ido. Kafin mu fita likitan ya ba ni shawara ɗaya. Ya ce tunda fuska ba ta isa gare shi, mu riƙa gaya masa da baki, idan mun ji haushi mu faɗa, idan mun ji daɗi mu faɗa. Na ce to, kamar abu mai sauƙi.

Na haushin bai ba ni wahala ba, dama bakina ya saba. Babansa da ƙannensa kuwa suka koyi duka biyun cikin mako guda, har ƙaramar takan ce masa yanzu fa tsokanarka nake yi.

Wata la'asar na dawo daga lakwal a gajiye, na tarar ya kwance tsohon keken ɗinkina da ya shekara biyu a mace, ya goge, ya sa mai, yana ta juyawa sumul. Babu kowa a gidan sai mu biyu. Na tsaya a gabansa na saki fuskata gaba ɗaya, na yi masa murmushin da na hana shi tun ranar da na haife shi, har sai da kumatuna suka yi ciwo. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubawa, har gefen bakin nan ya duba.

"Inna, na yi laifi ne?"

Na san abin da zan ce, kalma uku ce ko huɗu. Sunansa ya zo har bakina ya tsaya. Na ji muryata tana cewa ya je ya ci abinci kafin ya huce.

Ya tashi ya tattara ƙarafansa a hankali. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce in yi haƙuri, ba zai sake taɓa min kaya ba sai ya tambaya.