Mai Sayen Gidajen Gwanjo

A 1964 na fara ganinsa, a unguwar Sharafiyya ta Jidda, ana gwanjon gidan wata tsohuwa, Dela, saboda bashin marigayi mijinta. Dogo ne mai tsagar Gobirawa, jallabiyarsa a goge. Sana'arsa sayen gidajen da kotu ta ƙwace, kuma ina jin ba kowa ke amsa gaisuwarsa ba. Ba ya ɗaga murya, yatsa kawai yake ɗagawa.

Dillali ya ce halas, ciniki ya faɗa, ya miƙa masa mabuɗi. Sai mutumin ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama.

"Gidanka ne, shigo," in ji Dela, tana ɗaure kayanta.

"Kwance ƙullin nan, Inna. A zauren nan na kwana ranar da na sauka Jidda, ko sunana ba ki tambaya ba."