Tarwaɗar da Ta Ƙi Hawa Tudu

Kakata Dije ba ta da ɗaki a doron ƙasa. Jirgin ruwa gare ta, dogo siriri, mai rumfar zana a tsakiya. A ciki take kwana, a ciki take girki, a ciki take salla. Da aka datse gulbi a Kainji, ruwa ya haɗiye tsibirin da aka haife ta, sai aka kwashe su a mota zuwa gidajen siminti da aka gina musu a kan tudu. Kakanmu bai daɗe a can ba ya rasu. Tana fita takaba ta koma ruwa abinta.

A lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina firamare a Yelwa. Da an ba da hutu sai a kai mu wurinta, ni da ƙanena Sani. Mu yi ta bin gefen ruwa, yau muna Shanga, wani makon mun gangara wajen Ngaski, tana sayar da albasa da bandar kifi a duk kasuwar da ta ci. 'Yan tudu take ce mana, don mun iya karatu amma ba mu iya tsayuwa a jirgi ba sai mun yi tangaɗi.

Da an yi magariba sai ta ɗaure jirgi, ta hura wuta a murhunta, wani tsohon daro ne da ta cika da yashi. Hayaƙi na korar sauro, ruwa na marin katako a hankali, mu kuma mun naɗe ƙafa muna jira. Ba ta buɗe tatsuniya irin ta mutanen gari. Cewa take, "Ga ta nan tahe bisa ruwa." Mu amsa, "Ta iso mu kama mata igiya."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta akuya da tarwaɗa. Akuya ce ta ƙulla ƙawance da tarwaɗa a wurin shan ruwa. Kullum akuya ta dube ta sai tausayi ya kama ta: baiwar Allah a jiƙe dare da rana, ba tabarma, ba wutar jin ɗumi. Sai ta gina mata ɗaki mai kyau, ta yi shimfiɗa, ta hura wuta, ta zo tana roƙo. Tarwaɗa ta ji kunyar ta ce a'a, ta yarda aka ɗauke ta. Da gari ya waye akuya ta leƙa, ta tarar da ƙawarta ta ƙame ta zama banda. Ta yi ta kuka tana cewa, "To, ai ko ba komai ta bushe." A nan mukan fashe da dariya, Kaka kuwa ko murmushi ba ta yi.

Babanmu akawu ne, kuma zaman uwarsa a jirgi ya tsaya masa a rai. Jirgin ya fara yoyo, iskar damina a tafkin nan tana kifar da waɗanda suka fi shi girma, ga abokan aiki suna yi masa shaguɓe. Sai ya gina mata ɗaki mai rufin kwano a gidanmu, har da gadon ƙarfe. Wata yamma da muka tsaya a Yelwa, an hura wuta ke nan, sai ga shi a bakin ruwa da mai amalanke a bayansa, ya zo kwashe kayanta.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ɗaki ya ƙare. Yau gida za ki kwana."

"Shigo ka zamna, Akawu," in ji ta. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. "Na ɗauko ma ɗiyanka tatsuniya, ba ni barin ta tsakiyar ruwa."

Ya cire takalmi ya shigo, ya ɗosana a gefe. Ta fara ta akuya da tarwaɗa, tana ja a hankali, tana juya kifi a wuta. Da ta kai inda akuya ke roƙo, sai na ji ta saki hanya.

"Sai tarwaɗa tad dubi akuya, tac ce, 'Na gode, ƙawata. Ɗakinki ya yi kyau, ki zuba dusarki ciki.' Tak kaɗa wutsiya, taw watsa mata ruwa ga hanci, tan nutse abinta."

Na ce, "Kaka, ba haka take ƙarewa ba. Ai mutuwa take yi."

"Waccan mai kunya ce, 'yar tudu. Wagga an taɓa ɗaukar ta sau guda, ta ga abin da yab biyo baya."

Baba ya ɗago. "Wato ni ne akuyar, Inna?"

"Ni ban ambaci kowa ba."

"Jirgin ga yoyo shika yi. In iska tat taso miki tsakiyar tabki, wa za shi cece ki? Kuma mutane su ce mi a kaina?"

Ta ajiye abin juya kifin, ta dube shi ido da ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Yoyo, ka kawo kahinta. Iska, Mai ita ya san inda nike. Mutane kuwa su ce uwarka ta taɓu, na yahe musu. Amma ubanka da ƙahwa tai yas shiga ɗakin siminti, ina kallo yab bushe. Ni ba a shanya ni."

Can Baba ya miƙe ya sallami mai amalanke. Washegari ya dawo da kafinta da katako da kwalta, suka yini suna toshe jirgin. Bai sake yi mata maganar ɗaki ba.

Ina yarinya na ɗauka wautar akuya ake yi wa dariya. Sai da na girma na gane akuyar nan da zuciya ɗaya take son ƙawarta, kuma a nan wahalar take. Wanda ya tsane ka, ce masa a'a ba wuya. Wanda yake son ka, ya sha wahala dominka, ya zo ya durƙusa, shi ne kake bi saboda kunya ko da ka san ba za ka rayu a inda zai kai ka ba. Kaka ta ce wa ɗanta a'a, kuma ƙaunar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba. Har yau ina alfahari da ita, ina kuma tausaya masa.

Ta yi shekaru bayan haka tana tuƙa kanta. Wata rana bayan la'asar masunta suka ga ba ta fito daga rumfa ba, suka aika aka kira Baba. Shi ya shiga, ya tarar rai ya yi halinsa, ya sungumo ta, ya tako cikin ruwa har gwiwa, ya hau tudu da ita a hannu. Da ya iso inda muke tsaye sai ya ce, "Yau dai ba ta yi min gardama ba."